Gaisuwar da Na Gajarta

Maigidana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana, ko ina wuni, duk wanda takardar nan ta riske ka a cikinsa. Ya gajiya? Ya hanya? Ya zaman jirgi da dogayen ƙafafun nan naka da ba su da wurin ajiya? Ya kewar gida, in har ka fara? Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Na san halinka. Yanzu haka idonka ya fara zamewa ƙasa yana neman inda gaisuwa ta ƙare magana ta fara. Dawo da shi. Kai ne mai cewa gaisuwata ta fi tafiyar jirgin ƙasa daga Woolwich zuwa cikin London tsawo. To yau ba tashar da za ka sauka, an rufe ƙofa kana sama. Kuma kada ka kuskura ka ɗora wayarka a kan takardar nan ta juya maka ita Turanci. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon da na tsinta. Ka bi ta a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, inda ka kasa ka sake.

Uwarka ta yi mini bayanin aikin da ka samu. Ta ce ƙasar da za ka ana shirin babban ƙwallo a cikinta, kamfaninku yana gina filin wasa, kai kuma naka shi ne ka zaga ka duba lafiyar ma'aikata: ko suna da ruwa, ko suna da inuwa, ko inda suke kwana wurin kwanan mutum ne. Ta nuna mini hotonka da farar hular kwano. Na rangaɗa guɗa har Baturen da ke ƙasanmu ya bugo silin da sandar shara. Daga baya na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, hular nan ta tsaya mini a rai ta ƙi wucewa. Abin da ya sa na nemi biro ke nan.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan uwarka za ta cika maka waya da shi. Wautata zan zuba maka, ka ga wuraren da tsohuwa ta taka ta zame, kai ka tsallake.

Shekarar da na zo garin nan kana cikin tsumma. Raino aka kawo ni, wai na ɗan lokaci, ga shi ka yi gemu ban koma ba. Sanyin farko ya kumbura mini gwiwa har ba na iya durƙusawa a sallah. Uwarka ta yi mini booking wajen GP, wato likitan unguwa, ta koya mini 'yan kalmomi, ta wuce aikinta asibitin Camberwell. Na shiga na tarar da wani dogon Bature mai jajayen kunnuwa. Ya ce, “How are you today?” Ni kuwa 'yar gidan mutunci, na ce, “Fine, thank you.” Ya dube ni, na dube shi. Ina jira ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi sanyi, sannan mu gangaro kan gwiwa a hankali. Shi kuma ashe jira yake in faɗi abin da ya kawo ni. Ya ƙara wata magana, na ƙara masa fine. Ya auna jinina, ya ce ƙalau nake, ya buɗe mini ƙofa. Na fito da gwiwata yadda na shiga da ita, ina ɗingishi har wajen hawa bus, ina ce masa marar tarbiyya a zuci.

Da yamma uwarka ta ce, “Hajiya, me ya hana ki gaya masa?”

Na ce, “Ya tambaye ni ne?”

Ta ce, “Ya tambaye ki mana!”

Na ce, “Wannan ai gaisuwa ce, Binta, ba tambaya ba.”

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kun sha jin wannan labari kuna dariya, ni ma ina taya ku. Amma ka ajiye shi kusa, za mu dawo kansa. Mutumin wajenmu, “lafiya lau” ɗinsa ta farko ba amsa ba ce. Ƙofar zaure ce kawai ya buɗe maka. Ciwon yana can ƙuryar ɗaki.

Innata, Allah ya jiƙanta, ita ta san yadda ake shiga. A Gwammaja in ta ji ƙishin-ƙishin wata ba ta jin daɗi, sai ta ɗauki mayafi ta ce in riƙo mata takalmi. Ba ta taɓa gaisawa a tsaye. Za ta nemi tabarma, in babu ta zauna a kan turmi. Sai ta fara: ya kwana, ya gajiya, ya yara, ya maigidan, ya aiki, ya ruwa, ya awakin nan, ya labarin mutanen ƙauye. Matar tana ta lafiya, lafiya lau, alhamdu lillahi. Ni ina gefe ina ƙosawa kamar yadda kake yi yanzu. In ta gama sai ta yi shiru. Ta kwance bakin zani ta ɗauko goro, ta ɓara, ta miƙa rabi, tana tauna tana kallon kaji kamar ba abin da ya kawo ta. A cikin shirun nan ne za ka ji matar ta ja numfashi ta ce, “Inna, wallahi tun shekaranjiya ba mu ɗora tukunya ba.” Na ga haka ba sau ɗaya ba. Da wannan na tashi, na kuma zo London da shi a ƙulle.

Sai London ta kwance mini. A nan mutum zai ce maka “you alright?” yana tafiya, ko waiwaye babu. Da farko abin ya ba ni haushi, daga baya ya ba ni sha'awa. Na ga ana gama gaisuwa tukunya ba ta ƙone ba. Na iya, har na fi su. Ina jan keken cefanena a kasuwar Lewisham ina jefa wa mutane “you alright” hagu da dama, ina jin na waye. Ku yara kawai nake wa doguwar, don in ba ku haushi. Ban san abin da na jefar ba sai da ya ci mini lafiyar ɗa.

Kawunka Tasi'u nake nufi, autana. Kai ka san shi a zaune da kumburarrun ƙafafu, ana kai shi wankin ƙoda. An ce muku ciwo ne daga Allah. Haka ne, amma ta hannun mutane ya biyo. Ba ka san shi da ƙarfinsa ba. Mai walda ne a Ƙofar Ruwa, shi kaɗai yake ɗaga ƙyauren ƙarfe ya jingina, yana aiki yana waƙa da muryar nan tasa kamar ta jaki mai mura. Kujera 'yar tsugunno ta ƙarfe da nake zama a kanta a kicin, wadda kake tuntuɓe da ita kullum kana tsaki, shi ya ƙera mini. Na ƙi barinta a Kano, na bar atamfofi na ɗauko ta.

Wata shekara na je gida hutu, na tarar wani ejan yana ɗibar masu sana'a zuwa ƙasar da za a yi wancan babban ƙwallon, wanda muka kalla a falon nan. Ya zo har gida da turare da carbi mai sheƙi. Tasi'u ya ce, “Hajiya, ki tambaye shi duk abin da kike so.” Ka san abin da na tambaya? Na ce, “Akwai masallaci kusa da inda za su zauna?” Ya ce, “Hajiya, a kowace kwana.” Na ce shi ke nan, Allah ya yi albarka. Ban tambayi wa zai riƙe masa fasfo ba. Ban tambaya ba ko in ya gaji zai iya cewa ya gaji ya dawo. Na ce a raina ƙasar Musulmi ce, me zai same shi?

Ɓarayin hanya kawai na ji wa tsoro. Na zauna na ɗinka masa aljihu a cikin singileti, daidai ƙirji, na sa fasfon na ɗinke bakin da zare biyu, na ce ko barci ya yi a filin jirgi ba mai zare masa. Ina ta yabon dabarata. Ashe suna sauka, tun a cikin motar kamfani, aka zagayo da leda aka ce kowa ya jefa nasa, za a adana musu. Sai da ya buɗe riga a gaban mutane ya farke ɗinkina da haƙori. Wanda ya karɓa kuwa da sallama ya karɓa, yana murmushi.

To ka ji. Fasfonka ya kwana inda ka kwana, ko wa ya ce zai adana maka ka ce ka gode. Kuma in ka shiga wajen mutanen nan, ka tambayi kowa inda nasa yake kwana. Kada carbin mutum ko yawan sallamarsa su rufe maka ido. Ka duba yadda waɗanda ke ƙarƙashinsa suke tsayawa in ya shigo.

Ranar Juma'a ce hutunsu, ita yake kirana ta bidiyo. Kullum a jikin wani farin bango, ba na ganin komai sai shi da bangon. In ce, “Auta, ya aiki?” Ya ce, “Lafiya lau, Hajiya.” In ce, “Madalla.” Shi ke nan na gama gaisuwa, irin ta London. Ga tukunya a wuta, ga ƙanwarka za a ɗauko daga makaranta. Sai in wuce kan tsiya, ka san ni. In ce, “Kai, ka yi baƙi kamar gindin tukunya! Ka rame! Ko wata ce take wahalar da kai a can ba ka faɗa ba?” Ya yi dariya ya ce, “Rana ce, Hajiya.” In ce, “To a ci abinci.” Daga nan sai saƙo: a samo mini dabino mai laushi, a samo turaren wuta, aminiyata Hajiya Rabi tana son abaya mai duwatsu a hannu.

Kuma na cika gari da labarinsa. A bakina ya tashi daga mai walda ya zama injiniya, kafin azumi ya zagayo ya zama manaja. Duk sunan da aka yi, duk walimar da aka yi daga Woolwich zuwa Lewisham, sai na sako filin ƙwallon da ɗana yake ginawa. Ban tsaya nan ba, har shi nake gaya wa. “Auta, duk London an san ka, kada ka ba ni kunya.” Ka ga mutumin da uwarsa ta gaya wa haka, ta ina zai fara cewa an riƙe musu albashi wata da watanni? Ta ina zai ce gado a kan gado suke kwana, ɗaki ba taga? Na toshe masa ƙofa da yabo, ina tsammanin ƙarfin gwiwa nake ba shi. Abayar kuwa ya aiko. Sai daga baya na san abincin da ya haƙura da shi kafin ya saye ta. Hajiya Rabi tana sa ta har yau, in na gan ta sai in kau da kai.

Duk wanda za ka tarar a can, maigida, yana da irina a gida. Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ta riga ta gaya wa maƙwabta ɗanta ya haye. Ita yake karewa in ya ce maka ba komai. Kada ka ɗauka ƙarya yake yi maka, kunya ce.

Kai ma na yi niyyar kame bakina a kanka. Ban gaya wa kowa aikinka ba sai Hajiya Rabi. Na san za ka ce wannan ai daidai yake da sanarwa a rediyo. To na dai rage, ban ƙara maka muƙami ba tukuna.

Ka tuna ranar da aka buɗe ƙwallon? Kana sakandare, ka sa rigar 'yan wasa, kai da abokanka da suka yanka sunanka, sunan Malam guda, gida biyu suka jefar da rabi. Na yi waina da miyar taushe, flat ɗin nan ya cika har bakin ƙofa, takalma sun yi tudu. Lokacin an riga an dawo da Tasi'u Kano, an ce kwantiraginsa ya ƙare. Da aka hasko rufin filin a talabijin, ƙarafuna sun sarƙe kamar saƙar gizo, na miƙe da ludayi a hannu na nuna na ce, “Waldar Tasi'u ce wannan!” Aka yi tafi, kai har da tsalle. Na ce bari in kira mai aikin ya ji ana yabonsa. Matarsa Saude ta ɗauka.

Na ce, “Ina injiniyan? Yana kallo?”

Ta ce, “Yana kwance, Hajiya. Ya ce a kashe.”

Na ce, “Ki ce masa ya rage jan aji, mun san shi ya gina.”

Ta yi 'yar dariya kawai. Na ajiye waya na koma rabon waina. Wallahi ranar nan tana cikin ranakun da na fi jin daɗi a garin nan, har yanzu in na tuna ƙamshin falon da ihunku sai in ji ina so ta dawo. Abin da ke ci mini rai ke nan, daɗin gaske ne na ji.

Sai da na je gida bayan nan na gan shi da idona. Ƙafafu kamar an hura, fuska ta yi fari-fari, mutumin da ke ɗaga ƙyaure yana dafa bango kafin ya kai bakin rijiya. Bayan la'asar Saude ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Na zo zan tsaya a kansa in ce ya jiki, sai na ji kamar Inna ta ja mini zani. Na zauna. Na fara daga farko: ya kwana, ya gajiya, ya yara, ya shago, ya zafi, ya abokan aiki. Yana ta lafiya lau. Na gama na yi shiru. Na ɓara goro, ko da yake likita ya hana shi, na riƙe rabinsa a hannu. Kai ka san yadda shiru yake yi mini wuya. Na danne. Har na fara jin ba zai yi magana ba, sai ya ce, “Hajiya, kin san rufin nan da kika nuna?”

Ya ce a can sama ƙarfe yakan yi zafin da safar hannu ba ta tare shi. Tankin ruwa yana ƙasa, su suna sama. In ka sauko shan ruwa ko zagayawa, foman yana kallonka, in ka yawaita a yanke maka yini. Sai suka koyi shan kaɗan don kada fitsari ya matsa musu. Ya ce, “Hajiya, in mun tashi aiki fitsarinmu kamar baƙin shayi. Muna dariyar abin ma, muna gasar na wa ya fi.”

Ya ba ni labarin mai gadon samansa, wani ɗan Nepal guntu, don haka suke ce masa Dogo. Ya koyi “sannu” da “ina gajiya”, kuma ya ƙwallafa rai a yajin da na haɗa wa Tasi'u, yana barbaɗawa a shinkafa yana hawaye yana ƙarawa. Wata safiya mota ta zo ɗaukarsu, aka tashi kowa, Dogo bai tashi ba. Aka ce zuciyarsa ce ta tsaya, ba ruwan aiki. Kafin su dawo da yamma an naɗe kayansa, wani yana kan gadon.

Na ce, “To ba masu zuwa duba ku ne?”

Ya ce, “Suna zuwa mana. Masu fararen huluna. Ranar da za su zo tun safe ake kafa rumfa, a kawo ruwan sanyi, a jera mu. Su zo a tsaye, foman yana gefensu, su ce, ‘Any problem?’ Mu ce, ‘No problem.’ Su rubuta su wuce.”

Sannan ya ce, “Akwai ranar da suka zo da wani matashi baƙi a cikinsu. Wayarsa ta yi ƙara, na ji ya ce, ‘Na'am Mama, zan kira ki.’ Hausa, Hajiya! Gabana ya faɗi. Da ya iso kaina na ce, ‘Sannu da aiki.’ Ya yi murmushi, ya ji daɗi wallahi, ya ce, ‘A'a, ɗan gida! Lafiya?’ Na ce, ‘Lafiya lau.’ Ya ce, ‘Madalla.’ Ya dafa kafaɗata ya wuce. Da ya ƙara ko ‘ya gajiya’ ne, da ya ɗan tsaya, ina jin da na faɗa.”

Madalla. Maigida, kalmata ce. Ita nake ce masa duk Juma'a in wuce kan dabino. Yaron nan ba mugu ba ne, ni ma ba muguwa ba ce. Sauri muke yi, kuma amsar ta yi mana daɗi.

Na ce, “Ni fa, Auta? Me ya hana ka gaya mini?”

Ya ce, “Kullum kina sauri, Hajiya. Kuma kina murna. Ban so in ɓata miki.” Ba da zafi ya faɗa ba. Ya karɓi goron ma daga hannuna ya ɗan gutsura, ya ce kada in gaya wa Saude.

Yanzu ka gane abin da farar hularka ta tsaya mini a rai. Kai ne za ka zama matashin nan. Wani zai ji ka amsa waya da guntuwar Hausarka, gabansa ya faɗi.

Ni ban san dokokinsu ba, kai ka karanta, kai ka san abin da ake aunawa da abin da ake rubutawa. Abin da na sani kaɗan ne, ga shi. Kada ka tambayi mutum damuwarsa mai yanke masa albashi yana tsaye a gefenka. Kada ka yarda da ranar da aka san za ka zo, ka koma ranar da ba a kafa rumfa ba. Ka je lokacin cin abinci. Ka cire hular nan ka riƙe a hannu, ka nemi wuri ka zauna, kada kanka ya fi nasu tsawo, ko da yake da wannan tsayin naka sai an haƙa maka rami. In sun miƙo maka abinci ka ci, kada ka tsaya duba cokali. Ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi gida, ka tambayi tsohuwarsa da sunan garinsu. Duk zai ce lafiya. Ka bar shi ya faɗa. Sannan ka yi shiru, kada ka taɓa waya, kada ka duba agogo. Za ka ji shirun ya yi maka nauyi kamar ka tashi. Nan ne wurin, kada ka tashi.

Kuma ba Bahaushe kaɗai ba. Dogo ma yana da tasa “lafiya lau” da yarensu, kowa yana da ita. Inda harshe ya ƙare ka yi da ido. Ka dubi leɓɓansu ko sun bushe, ka dubi ƙafafu. Ka hau inda suke hawa da tsakar rana, ka sauko neman ruwa da ƙafarka, ka ji nisan a jikinka. Abin da mutum ya gaya maka a zaune kuwa amana ce, ka kai maganar, kada ka kai sunansa, don kai za ka koma masauki mai sanyi, shi zai kwana a hannunsu.

Na san aikin farko ne, na ga yadda kake shafa hular nan. Wata rana abin da ka gani da abin da manyanka suke so ka rubuta za su saɓa. Ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Amma ka rubuta abin da ka gani. In sun ce ka tattara ka koma, ka dawo, ba wanda zai ce ka ba shi kunya. Ɗakinka yana nan. Uwarka ta fara auna shi da ido za ta sa firiza, na ce sai dai ta sa a kaina. Ni zan tare ka a ƙofa da guɗar da ta fi ta farko, Baturen ƙasa ya karya sandarsa in ya ga dama. Hajiya Rabi kuma ni na san abin da zan gaya mata.

In ka buɗe akwatinka, ƙarƙashin safa, akwai kwalbar yaji na naɗe ta da tsohon ɗankwalina. Ba taka ba ce, kai da barkono kaɗan ke sa ka neman madara. Ka sa ta a aljihu ranar da za ka wajen cin abincinsu, ka ajiye a tsakiya ka buɗe. In akwai ɗan wajenmu, hancinsa zai kawo shi. In babu, wani Dogon zai zo.

Makon jiya na kira kawunka na gaya masa aikin da ka samu. Ya ce, “Allah ya sanya alheri.” Da a da ne, da na ce amin na wuce. Na jawo kujerarsa ta ƙarfe na zauna, na bi gaisuwa tun daga kwana har kan kajin Saude, sannan na kame bakina. Muka yi shiru ni da shi, London da Kano, har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, “Hajiya, ki ce masa in ya je ya zauna. Ko a kan bokiti ne.” Saƙonsa ke nan, na isar. Da nauyin kaya ya bari, da kujerar na sa maka a akwati.

Saura ni da kai. Tafiya ka yi, ban sake ka ba, aurenmu yana nan. Duk Juma'a zan kira ka, kuma ba a jikin farin bango za ka tsaya mini ba, sai ka juya wayar na ga ɗakin da abin da ke cikin tukunya. Zan fara daga ina kwana, in bi su ɗaya bayan ɗaya, da Hausa za ka amsa, ban son “I'm good, Kaka.” Za ka ce lafiya lau, zan karɓa. Za ka ce ba gajiya, zan karɓa. In na gama za ka ji na yi shiru. Kada ka ce layi ne ya lalace, kada ka ce tsufa ne ya sa na manta abin da zan faɗa. Na sauke tukunya, ba inda za ni. Shirun nan naka ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka inuwa a inda rana ta yi zafi, ya sa ka zama inuwar wani. Allah ya ba kawunka sauƙi, ya jiƙan waɗanda ba su koma gida ba, ya sanyaya zuciyar iyayensu. Ya dawo mini da kai da ƙafafunka, in ji ka yi tuntuɓe da kujerata ka yi tsaki. Amin.

Ka sha ruwa, ko ba ka jin ƙishi.

Matarka ta fari,
Hajiya Yalwa